Ni Na Ce Su Sa Alimun

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni injiniya ce, aikin tace ruwa nake a nan Doha, muna zaune a Al Wukair da maigidana. A ƙauyenmu akwai kamfanin da ke haƙar kwal, ruwan da ke taruwa a ramin sukan zuƙo shi zuwa wani tafki, a ƙa'ida a zuba masa farar ƙasa ya kwanta, a gwada, sannan a sake shi rafi. Yayana ne mai kula da injin zuƙo ruwan.

Bara Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni wai ruwan rafi ya yi ja. Ina sauri zan shiga mitin, na ɗauka lakar damina ce, na ce ta sa alimun kawai. Shi ke nan fa! Ruwa ya yi garau, Inna ta bi gida gida tana cewa 'yarta injiniya ta ce alimun ya wadatar.

Da na je hutu na ga duwatsun rafin sun yi jawur kamar kwano mai tsatsa, ko kifi babu. Na ɗebo a gora na gwada a wurin aiki. Tsami da ƙarfe sun wuce misali, alimun ido kawai yake ruɗa. Na tsare Yaya a waya, ya ce in tafkin ya cika manaja yakan sa shi ya buɗe haka nan, farar ƙasar ma sai an ga dama ake kawowa. Na ce zan kai ƙara hukuma, ya ce bismillah, amma shi ke sa hannu a takarda, shi za a kama, in shirya riƙe masa 'ya'ya shida. Ya kashe wayarsa.

Na sa ana kai wa Inna fiya wata, ashe jikoki take rabar wa. Na roƙe ta har da kuka, na ce kuskure na yi, ta yi dariya, wai tun da na zo ƙasar Larabawa nake ƙyamar komai na gida.

Na rasa yadda zan yi. Jiya ta ce cikinta na ciwo, na tambaye ta da wane ruwa ta sha magani, ta sauya zance. Jama'a, in kai ƙarar a kama mata ɗa, ko in zuba ido ta ci gaba da sha?