Madubin idon taubashina yana hannuna

Salamu alaikum mai shafin shawara, da ku masu karatu. Wani tsoho ne ke gaishe ku daga ƙauyen Tibiri. Don Allah ku ji ni tukuna kafin ku kai ni gaban alƙali.

Ina da taubashi, ɗan ƙanen uwata. Tare aka kamo mu lakkol, wato makarantar boko, zamanin Nasara. Ni ina iya haɗa baƙi na gudu, shi tsoron bulala ya zaunar da shi. Yau ga ladan tsoro: falanto ne a barikin Dogon Dutsi, mai raba wasiƙun kumandan, gwamnati ke biyan maganinsa da na iyalinsa. Ni da nake noma hatsin da yake ci, nake biyan harajin lanho, da idona ya fara dushewa cewa likita ya yi in sai da sa in tafi Yamai. Wane san? Shi kuwa a mota aka kai shi, ya dawo da madubin ido kyauta, yana leƙena ta samansa.

"Bawana, matso in gani, kai ne ko jakinka?" in ji shi.

Ranar sunan jikansa ya ajiye madubin zai yi alwala, na sunkuce. Wallahi wasa na nufa, irin na taubasai: a ɗauke maka hula, ka fanshe ta da goro, a yi dariya. Sai na ɗora shi a hanci. Jama'a! Yaushe matata ta yi furfura? Jikata da nake ganewa da murya, ashe wushirya gare ta!

Da ya tare ni ya ce, "Kai ɓarawon gado, fiddo shi," sai na ji bakina ya ce, "Ban gan shi ba." Kun san daga nan wasa ya ƙare.

Yanzu da ba ya ganin rubutu, wasiƙar likitan dabbobi yake kai wa malamin lakkol. Kumandan ya ce in ya ƙara, ya koma gona. Gwamnati kuma ba ta ba da ido sau biyu. In aka sallame shi, allurar tarin da ake yi wa matarsa kyauta ta tsaya ke nan. Jiya ya zo ya zauna, ba zolaya, ya ce, "Ɗan'uwa, taya ni addu'a." Bai taɓa kirana haka ba.

Kunya ta kama ni, amma kar in yi muku ƙarya, haushinsa bai sake ni ba. In na mayar, na zama tsohon ɓarawo, in koma lalube. In na riƙe, matar nan fa?

Me zan yi?