Masu Ƙarfi Aka Zaɓa Mini

Sendai, 9 ga Mayu

Yaya Shigeo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan jirginku na kamun kifi ya isa tashar Kesennuma lafiya, gwiwar nan taka kuma ta yi sauƙi. A gaida matarka Fumie.

Na'urori sittin da na ba ka duk sun yi magana. Na san har yanzu kana ce musu layu, to bari in maimaita: a liƙa wa kifin shak da ya faɗa mamarinku na kama kifin tuna, a yanke igiya a sake shi, bayan wata guda na'urar ta ɓalle, ta aiko mini ko ya rayu. Hamsin da bakwai sun rayu. Farfesana, wanda bai taɓa yabon ko miyar matarsa ba, ya ce ba laifi.

A Yuli zan kai wa kwamitin kamun kifi sakamakon. Da wannan adadi ba wanda zai tilasta muku canja ƙugiya don kare shak. Shekara uku na aikina, hannunka ne ya ɗauke su. Na gode.

Sai na zo addu'ar cikar Baba shekara bakwai da rasuwa.

Ƙanwarka,
Chizuru

Sendai, 2 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya gajiyar taro? Ka ba Fumie haƙuri, na tafi ban taya ta wanke-wanke ba.

Kana zaune a wurin, amma bari in rubuta don mu san abu ɗaya muka ji. Tsoho Kumagai, kukun jirginku, ya miƙo mini yankan zuciyar shak, ya ce, "Ke 'yar boko, kifayenki sun yi kyau ko? Ai mu muka zaɓa miki! Mai dukan jirgi da wutsiya shi muke liƙa wa laya. Wanda ya haɗiye ƙugiya yana aman jini kuwa, sai mu sake shi ruwa kawai, ba laya. Shugabanmu, yayanki, ya ce kayan ƙanwarsa ba na gawa ba ne." Kowa ya yi dariya. Kai kuma ka gano wani abin mamaki a ƙasan kwanon shinkafarka.

Tun farko na rubuta maka da manyan baƙaƙe: a liƙa wa kowane shak na biyar, komai halin da yake ciki. Ka sa hatiminka a ƙasa. Ashe shekara uku na yi ina tabbatar wa duniya cewa lafiyayyen kifi yana da lafiya.

Na san gidanmu. Baba bai taɓa miƙa wa baƙo kifin da idonsa ya dushe ba, kai ma haka ka tashi. Na kuma san ba ka son sabuwar ƙugiya, tunda kifin tuna na kuɓuce mata. Kwana huɗu ina juya dalilan nan biyu.

Jiya na janye takardar da zan kai wa kwamiti. Farfesa ya tambayi laifin wa, na ce nawa, ni na bar na'ura a hannun da ban sa wa ido ba. Bai musa ba. Mai yiwuwa ƙugiyar ta canja, mai yiwuwa kujerata ce za ta canja.

Kada ka rubuto ka faɗa mini ko don ƙauna ka yi ko don ƙugiya. Na san ka yanzu: mai ƙarfin za ka zaɓa mini.

Ka riƙa shan maganin gwiwa.

Chizuru