'Yata Ta Ɓoye Min Fasfo Don Kada In Je Inda Uwarta Ta Yi Aiki

Malama, don Allah ki taimaka min kafin bakina ya furta wa 'yata abin da ba zai gyaru ba. Ni tela ne, furfura ta cika min kai, ban taɓa rubuta wa jarida komai ba.

Matata ta rasu bara. Ungozoma ce, tana aiki da masu kai agaji. Duk inda aka yi ambaliya ko annoba, sai a kira ta, ta ɗauki jaka ta tafi. Ta hau jirgin sama, ta hau kwalekwale, ta hau bayan babbar mota tare da awaki. Ni kuma ina shago, keken ɗinki a gabana, yara a gefena suna wasa da ƙyallaye. Har kitso na koya saboda babbar 'yarmu, ko da yake kullum a karkace yake fitowa. Mutanen layinmu suna ce mata mai ƙafar yawo, ni kuma mijin ta-ce. Ban taɓa damuwa ba. Baƙuwa nake kiranta, ita kuma in ta dawo sai ta tsaya a ƙofar shago ta tambaya ko akwai masauki.

Ba ta taɓa dawowa hannu rabbana ba. Maɓallai take kawo min daga kowace ƙasa, na ƙashi, na katako, na ƙwaryar kwakwa. Za ta zauna kan bencin kwastomomi, ta tuɓe takalmi, ta yi ta ba ni labari ina ɗinki har in manta in dasa hannun riga a baibai. Masu cewa ba ta damu da gida ba, ina suke lokacin da ɓarin jikin mahaifiyata ya shanye? Ita ta ajiye aiki ta dawo, tana yi mata wanka, tana juya ta, tana ba ta abinci a baki har Allah ya karɓi abinsa. Mu 'ya'yan cikinta ma ba mu yi haka ba.

Amma ana cikin zaman makokin matata ƙanwata ta ce min yanzu na huta, in nemi mace mai zaman gida. Na nuna mata ƙofa. Har yau ba ma gaisawa.

To ga matsalar. Abokan aikinta sun kira ni. Akwai wani ƙaramin asibiti a wani tsibiri inda ta fi daɗewa, za su sa wa ɗakin haihuwa sunanta, suna so in zo. Ni da ban taɓa wuce ƙofar filin jirgi ba, na yi fasfo, na ɗinka wa kaina sababbin kaya. Na ajiye fasfon a aljihun keken ɗinki, sai na neme shi na rasa. Babbar 'yata ce ta ɗauke. Ta ce ina da ciwon suga, ba zan jure ruwa da jirgi ba. Da na matsa, sai ta fashe da kuka, ta ce yawo ya cinye mata uwa, ba zai ƙara da uba ba. Ta tuna min ranar da ta yi haihuwar fari, uwarta na can tana karɓar haihuwar wasu, ruwa ya datse hanya, ba ta iso ba sai da jariri ya yi kwanaki.

Malama, zan je. Ko da sabon fasfo ne zan yi. Ba zan zauna a mayar da rayuwar matata abin kunya ba. Amma yarinyar nan ni na goya ta. Yaya zan yi?

Mijin Baƙuwa

Baba tela, Allah ya jiƙan matarka, ya ba ku haƙuri. Ka kwatanta ta har na ji kamar na ga ta tuɓe takalmin nan.

Ka je. Wannan ba na jan zance a kansa. Kai ba yaro ba ne, fasfo naka ne, kuma 'yarka ba ta kyauta ba da ta sa hannu a aljihun kekenka. Amma ka lura da wani abu: ka haɗa ta da ƙanwarka a kwando ɗaya, alhali ba ɗaya suke ba. Ƙanwarka raina marigayiya ta yi. 'Yarka kewarta take yi, kuma ta daɗe tana yi tun uwar na da rai. Kai ka samu maɓallai da labarai. Ita ta samu gadon asibiti babu uwa a gefenta. Duka biyun gaskiya ne, kuma faɗin na biyun bai rage wa matarka daraja ba.

Saboda haka kada ka yi sabon fasfo a ɓoye. Fara zuwa wurin likitanka, ka gaya masa irin tafiyar, jirgi da ruwa da komai. In ya yarda, ka karɓi magungunanka da sharuɗɗansa. In ya ce a jinkirta, ka jinkirta, ɗakin haihuwa ba guduwa zai yi ba. Sannan ka je gidan 'yarka da ƙafarka. Ka bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta game da ranar haihuwar nan, kada ka kare uwarta ko da kalma ɗaya. Ta san hujjojin, ba su take nema ba. In ta gama, ka gaya mata za ka tafi, ka roƙe ta ta raka ka. Akwai mata a tsibirin nan da suke raye saboda ruwan da ya tsare uwarta, kuma ita ma tana da haƙƙin ganin fuskokinsu. In ta ƙi, kada ka yi fushi. Ka tafi da ɗaya cikin ƙannenta, ka riƙa kiranta a waya kullum.

Ita kuwa ƙanwarka, gaisuwa ba za ta rage ka da komai ba. Ka gaishe ta, amma maganar aure ka gaya mata ba ta tashi ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya sanyaya zuciyar 'yarka.