Me Zan Ce Musu Game da Shekarun da Na Yi a Gefen Gadon Baba?

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, ga ranar da aka ba ni tana ta matsowa.

Ni injiniya ce, ɓangaren ruwa na karanta: bututu, famfo, tankuna, yadda ake jawo ruwa a kai shi cikin gidaje. Na yi shekara biyu ina aiki a wani kamfani, ina sa hular kwano ina zuwa fili. Sai Baba ya yanke jiki ya faɗi a gindin motarsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Direban babbar mota ne, da bin hanya ya yi mini karatu. Mama hawan jini ya riga ya cinye ƙarfinta, Yaya yana wani gari da iyalinsa, ƙanwata tana gidan miji da goyo. Na ɗauki hutun wata ɗaya. Wata ɗayan nan shi ya zama kusan shekara shida.

Ni ke juya shi, ni ke ba shi abinci da cokali, ni ke bin layin magani a asibiti. Baba mutum ne mai jiki, ɗaga shi daga gado zuwa kujera ya kusa karya mini baya. Sai na zana wani abin ɗagawa da bututun ƙarfe da igiya da 'yar taya, na kai wa mai walda ya haɗa. Ranar da muka gwada, yana lilo a sama, ya yi dariya da rabin bakinsa ya ce, "Injiniya, a hankali, kayan fashewa ne." Duk shekarar bai yi magana mai tsawon wannan ba. Yau watanni kaɗan ke nan da rasuwarsa.

Yanzu wani kamfanin da ke shimfiɗa bututun ruwa ya kira ni intabiyu. Na fiddo littattafaina daga ƙarƙashin gado, lissafin da nake yi ido rufe yau yana kallona ina kallonsa. Na ari kwamfutar mijin ƙanwata, na tarar manhajar da muke zane da ita ta canza kama, rabin abubuwan ban san inda aka mayar da su ba. Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ya gagare ni shi ne tambayar da na san sai sun yi: ina kika shiga duk shekarun nan? Na tsaya gaban madubi ina gwada amsa, amma da na ce "mahaifina" sai muryata ta ƙi fita, hawaye su ƙwace.

Yaya ya ce in bar wahalar da kaina, in ce na yi aiki a kamfanin abokinsa, shi abokin zai tsaya mini. Ya ce ba wanda ke ɗaukar mai jinya aikin injiniya. Ina cikin juya wannan sai na ji cewa cikin masu yi mini tambayoyin akwai ɗan ajinmu, Dogo muke ce masa, wanda ni nake koya wa lissafi kafin jarrabawa. Yau shi ne a kan kujera. Anti, ba hassada nake ba, kunya ce. Mama kuwa cewa take in je ko don in fita daga ɗakin nan, don har yanzu idan lokacin maganinsa ya yi sai in ga na miƙe tsaye.

In bi maganar Yaya, ko in faɗi gaskiya in yi kuka gaban mutane, ko in haƙura da zuwan gaba ɗaya?

Taki,
'Yar Direba

*

'Yar Direba,

Allah ya jiƙan Baba, ya saka miki da alheri. Yanzu ki share fuska mu yi magana.

Ki je. Wannan ba na neman shawara ba ne, Mama ta riga ta yanke.

Yayanki ba mugunta yake nufi ba, tsoro yake ji miki, kuma tsoron nasa yana da tushe: akwai masu ɗaukar aiki da in suka ga an daɗe a gida sai su ja baya. Amma hanyarsa ba ta ɓullewa. Injiniyoyi za ki zauna gabansu. Za su tambaye ki wane aiki kika yi a can, wane girman bututu, wa ya duba zanen, kuma tambaya ta uku za ta kayar da ke. Ko da kin tsallake, aikinku aiki ne na sa hannu a kan abin da jama'a za su sha. Kada ki shiga cikinsa da maganar da za ki yi ta gadinta.

Ki shirya amsarki gajeriya: kin bar aiki kin yi jinyar mahaifinki, ya rasu, yanzu kin dawo da dukkan lokacinki. Daga nan ki juya kan aiki. Ki rabu da madubi, ki faɗa wa mutum mai rai. Ki zaunar da ƙanwarki ta yi ta tambayarki, ki yi kukan a gabanta yau da gobe har kalmomin su saba da bakinki. In duk da haka muryarki ta yi rawa a ranar, ki nemi ruwa, ki kurɓa, ki ci gaba. Su ma 'ya'yan wasu ne.

Karatu kuwa, kada ki ce sai kin haɗiye littattafan duka. Ki sake duba sanarwar aikin ki tsamo abin da suke nema, shi za ki bi. Ki zaɓi aiki ɗaya cikin waɗanda kika yi a tsohon kamfaninki ki tuna shi ciki da waje: matsalar da aka samu, abin da kika lissafa, yadda aka ƙare. Ki riƙa yin lissafi da hannu kullum, zai dawo. Manhajar kuma ki faɗa musu inda kika kai a sabuwar, kada ki ƙara kada ki rage. In kamfanin yana haƙa a wani titi, ki je ki tsaya ki kalla, ki samo tambayar da ke ma za ki yi musu. Zanen abin ɗagawan nan ki sa shi a jaka. Nauyi kika auna, ƙarfe kika zaɓa, ran mutum ya rataya a kai bai faɗo ba. In zance ya kai wurin, ki nuna.

Dogo kuma kada ki neme shi kafin ranar, za ki sa shi a tsaka mai wuya. Ki gaishe shi yadda za ki gaida sauran. Kujerarsa ba taki ya ɗauka ba, kuma shi kaɗai ne a ɗakin da ba sai an gaya masa kanki yana ja ba.

Ba zan ce miki lallai za su ɗauke ki ba. Wataƙila su ɗauki wani, ki sake nema a wani wuri, amma na biyun ba zai yi miki nauyin wannan ba. Ki goge kayanki, ki karya kumallo, ki isa da wuri, ki shiga da kanki a ɗage. Allah ya buɗe miki baki, ya sa ki dace.

Antinki