Ƙaguwar Auta Ba Mutuwa Ta Yi Ba

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa, yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya maiɗakinka da yara? Ni lafiyata ƙalau, ina koyarwa kamar kullum, sai dai har yanzu ba na cin abinci sosai. Zai wuce.

Na samu saƙonka cewa ɗaya daga cikin ƙaguwoyi biyun da marigayiya 'yata Auta take kiwo a akwatin gilashi ta mutu, ka kwashe ta har da yashin ka zuba a kwata. Ka ƙara da cewa, "Yaya, ƙwaro ne fa, kada ka sa a ranka."

Ba mutuwa ta yi ba. Ƙaguwa saɓa take yi kamar maciji, ta bar tsohon ɓawonta a fili, ta shige cikin yashi har sabon ya yi ƙwari. Ɓawon ka gani, mai ran ka zubar. Auta ta sha bayyana wannan a gabanka, kana danne-dannen waya.

Ba zan rubuta abin da ke bakina ba, domin Inna za ta ce a karanta mata. Amma ka saurara. Saura ɗaya. Kada hannunka ya sake taɓa yashin nan. Ka bar mata dutsen da take hawa ta sha iska, ka riƙa rufe murfin.

Ban ga 'yata ba kafin a binne ta. Ina so in dawo in tarar da abin da ta ciyar da hannunta yana motsi.

Allah ya jiƙanta.

Yayanka