Waƙar Niƙa a Rediyon Fijo

Litinin, 6 ga Mayu, 1996

An fi mako da Babbar Sallah, har yau Inna ba ta sa ko tsoka ɗaya ta layya a baki ba. Kunu ludayi biyu da safe, shi ke nan sai gobe. Matata Ruka ta ce in yi mata magana, ai ni ne ɗanta. To in ce me? Kowa a gidan nan ya san abin da ke cinta. Tun da rediyo ya fara cewa faɗa ya sake ɓarkewa a Laberiya, inda aka kai su Yaya Nababa aikin soja, ta janye hannu daga akushi. Wata bakwai ba mu ji ɗuriyarsa ba. Kuma ba za ta tambaya ba, ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "wancan", ko "mutumin bariki". Ni kuwa Jinaidu, Jinaidu, sau hamsin a yini. Zaninta ya fara zagaye ta sau biyu. Tsoro nake ji.

Laraba, 8 ga Mayu

Wasiƙa ta zo ta hannun wani kofur da ya dawo bariki. Yana raye. Na karanta a tsaye a bakin ofis. Ya ce zai yi ƙoƙarin bugo wayar sakatariya, inda nake aiki, ran Talata da ƙarfe sha ɗaya.

Na garzayo gida na karanta wa Inna da ƙarfi, daidai kunnenta na dama, wanda ya ɗan fi ji. Ta gama saurare tana tsince wake, ta ce, "Takarda ba ta da murya. Kowa ma yana iya rubutawa." Wai ni da mutanen bariki muka haɗa baki don ta ci abinci. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi yana can ya rubuto layi shida, ni nake nan da asibiti da cefane da komai, kuma ni ne maƙaryaci.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ba za ta je sakatariya ba. Na san haka tun kafin in tambaya, amma na tambaya. Ta ce me ta ajiye a can.

Cecilia mai kula da wayar ofis ce ta kawo dabara. "Oga Jinaidu, ka zo da rikoda mana. Ka manna ta a kan waya, ka ɗauki muryarsa a kaset ka kai wa Mama." Wani lokaci wayon yana wurin wanda ba ka zata ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Na aro ƙaramar rikoda wurin Sati mai gyaran rediyo, na sayi sabon kaset da batir huɗu. Mun gwada a ofis ni da Cecilia, ta bugo daga ɗakin akanta tana ƙirga ɗaya zuwa goma. Ya ɗauka, amma can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya. Ni mai kunne biyu ma sai na kasa kunne. Inna fa?

Talata, 14 ga Mayu

Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Na zauna gaban wayar nan ina kallonta, ban yi aikin kowa ba. Sai ɗaya saura kwata ta yi ƙara.

Shi ne. Muryar ta dushe, layin yana ta shuu, magana na zuwa a gutsure. Na ce, "Yaya, ana ɗauka, yi magana da Inna." Sai ya hau kame-kame. Ashe shi ma bai san yadda ake yi ba, shekara arba'in ba su taɓa zama sun yi hira ba. Ya ce a gaishe da mutanen gida, a gaishe da Ruka, a gaishe da Goggo ta Beri. Kowa ya samu gaisuwa ban da wadda aka yi abin dominta.

Na ce masa ba ta ci, kuma ba ta yarda yana raye ba, ya faɗi abin da ita kaɗai za ta gane. Sai kawai na ji ya kama waƙa. Waƙar da Inna take yi a bakin dutsen niƙa tun muna tsohon gida: dutse ci gero ka bar mini hannu, mai zuwa Rijau ya dawo da rana. Saje guda na soja, da gemunsa. Abin mamaki, waƙar ta fito tas, ta fi maganar fita. Bai kai ƙarshe ba layi ya tafi. Cecilia ta juya baya tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Ni na manta da waƙar nan gaba ɗaya. Ban san yana riƙe da ita ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Na gwada kaset ɗin a rediyon ɗaki, ƙarar ba ta kai ba. Abu ɗaya ne a gidan nan mai murya, rediyon tsohuwar Fijon da Baba ya bari, mai lasifika biyu a baya. Matsalar, cin kaset yake yi. Bara kaɗai ya cinye mini uku. Na ce wa Sati ya kwafa mini wani don ajiya, ya gwada, kwafin ya fito iska zalla. Wato guda ɗaya ne a duniya.

Sati ya kwance rediyon, ya goge kan da auduga da sifirit, ya sauya robar da ke juya kaset. "Malam Jinaidu, na yi iyakar yina. Amma tsoho tsoho ne, kar ka yi ta kai shi gaba kana dawo da shi baya." Na zaro kaset ɗin daga aljihu sau nawa yau don in tabbatar yana nan, ban ƙirga ba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na ɓata komai da hannuna.

Bayan an sauko daga masallaci na kawo motar ƙofar gida, na buɗe ƙofofi huɗu. Murna ta ɗebe ni, na gaya wa maƙwabta su zo su ji Nababa. Su Maikuɗi da matan gidan Haliru duk suka fito, aka ajiye wa Inna kujera a zaure. Na ƙure ƙara. Muryar Yaya na fitowa, mata suka ɗauki guɗa, kowa ya juya yana kallon fuskar Inna. Ita kuwa ta dafa bango ta miƙe, ta ce ta bar tukunya a wuta, ta shige. Babu wata tukunya.

Na bi ta ciki ina kira, na bar kaset yana juyawa. Kafin in dawo Maikuɗi ya danna wani abu wai zai mayar baya. Na tarar da zare ya cukurkuɗe a bakin rediyon. Na zauna a kujerar direba ina janyo shi a hankali da biro. Ya tsinke a wuri ɗaya.

Yau ko kunun ba ta sha ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Sati ya yanke wurin da ya tauna, ya haɗa bakin da ɗan salatif. Gaisuwar duk ta tafi. Waƙar ce kaɗai ta tsira, minti ɗaya da 'yan kai. Ya ce in na sake sa shi a motar nan ba ruwansa.

Yau da Ruka take ba ni abinci ta tare ni da maganar. "Malam, kai da ka san ko sunansa ba ta kamawa, sai ka tara mata unguwa? So kake ta yi kukan ɗan fari a gaban matan Haliru?" Na ce rai ake magana, ba kunya ba. Ta ce ai ita kunyar da ita za ta shiga kabari, in ina so ta ji, in bar ta ta ji ba tare da an ga tana ji ba.

Na daɗe ina juya maganar. Ni duk zatona rashin kiran sunan nan, ko da al'ada ce, akwai ɗan sanyi a ciki. Har ina jin daɗi a ɓoye cewa ni ne na gaban goshi.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na ce wa Inna Goggo ta Beri ba ta jin daɗi, mu je dubiya. Allah Ya yafe mini, lafiyar Goggo ƙalau. Da ƙyar muka sa ta a kujerar baya, daidai tsakanin lasifikan nan biyu. Daga ni sai ita.

Sai da muka bar gari, gonaki suka fara, sannan na yi bisimilla na tura kaset ɗin, kamar don kaina na sa. Na karkatar da madubi don kar ma in gan ta. Idona ɗaya a hanya, ɗaya a bakin rediyo, ina jiran in ji ƙarar tauna.

Bai tauna ba. Waƙar ta cika motar har inda layi ya yanke, sai shuu.

Mun yi tafiya mai nisa. Ina jin tana jan hanci, ban waiwaya ba. Can sai ta ce, "Mai waƙar nan ya rame." Na ce layi ne. Ta ce ba layi ba ne. Ta ce kuma ya tsallake baiti guda, dama tun yana ƙarami nan yake tsallakewa, yana laɓe a bayan rumbu yana zaton ba a gan shi ba. Sai ta rera baitin da kanta, a hankali, tana kallon taga.

Da muka iso wani ƙauye ta hango mai tuya a bakin hanya. "Jinaidu, tsaya ka sayo mana waina." Ta ci huɗu. Na ƙirga ta gefen ido.

A hanyar dawowa ta ce, abin nan naka ba ya komawa baya ne? Na tuna da gargaɗin Sati. Na fitar da kaset ɗin na mayar da shi da biro, na sake sawa.

Talata, 21 ga Mayu

Tuwo da rana, tuwo da yamma. Ruka ta soya mata sauran naman layya.

Alhamis, 23 ga Mayu

Inna ta ce kujerar motar nan tana yi wa bayanta daɗi, ta fi tabarma. Na shigo da motar cikin gida, ƙarƙashin mangwaro, inda ba a hangowa daga zaure. Na nuna wa Ruka yadda ake mayar da kaset da biro, na bar mata makulli.

A ƙafa na tafi ofis, dama cikina ya fara fitowa. Na fara rubuta wa Yaya amsa, na ce ya riƙa cin abinci, an ce ya rame. Ban faɗi wanda ya ce ba, zai gane. Na rubuta masa baitin da yake tsallakewa a ƙasan takardar. Ɗazu a gida Inna ta ƙwala mini kira sau uku a jere kan maganar gishiri, na amsa, ban ji komai a raina ba. Ni dai don aike ake kirana.