Ɗakin Sanyinmu Ya Koma Jeren Amarya

Zuwa ga Mai Girma Manajan Ɗakin Sanyi na manoman rani, tsakanin Kura da Bunkure.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ina kuma gaishe da injunan nan biyu da ke hannunka. Ba zan tambaye su gajiya ba, don tun da suka zo ƙasar nan ba su taɓa yin aikin da zai gajiyar da su ba.

Ni manomin tumatir ne a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Na zo ofishinka har na gaji, kullum a ce ka tafi taro Kano. Shi ya sa na kawo kukana jarida, tunda an ce ita kam kana karantawa.

Na farko. Lokacin da ake gina ɗakin nan ina cikin leburorin da suka ɗauki bulo. Da kunnena na ji injiniyan da ya ɗaura injunan yana faɗi, tafinta na maimaitawa, cewa ko babu kaya a ciki a riƙa tayar da su duk mako, a duba mai, a share bututu, don zama wuri ɗaya shi ke kashe su. Bayan tafiyarsa sai kuka yanke shawarar kada a taɓa su har sai babban baƙo ya zo ya buɗe, wai kada ya same su sun tsufa. Rani biyu ke nan ana jiran baƙon.

Na biyu. Gaskiya ba zan zarge ku da rashin kulawa ba. Maigadinku Malam Tanko kullum da safe yakan ɗaga tamfol, ya goge injunan da tsumma har mutum ya ga fuskarsa a jikinsu, sannan ya mayar ya lulluɓe. Duk ƙaramin baƙon da ya zo sai a kai shi ya gani, ya yi sha'awa, a rufe ƙofa. Haka matata Hajara take yi da kwanukan jerenta, amma ita tana da wata tukunyar da muke cin tuwo da ita. Mu kuwa ba mu da wani ɗakin sanyin.

Ranar da Malam Tanko ya bar ni na leƙa, na ga abin da tsumma ba ya kaiwa. Zanzaro ya yi gini a bayan fanka, gini mai kyau har da bene. Ɓeraye sun ci rabin wayoyin, kuma da ganin jikinsu abincin ya karɓe su. Bel ɗin da ke juya fanka ya tsattsage don bushewa, tsatsa ta kama ƙasa. Na tambayi Malam Tanko ko ya sanar da kai, ya ce aikinsa shi ne kada wani abu ya fita daga ɗakin, ba a ce masa komai a kan abin da ya shiga ba.

Na uku, kuma nan ne wasa ya ƙare. Saboda alkawarin da malaman gonarku suka yi cewa bana lallai za a kunna, na bar alkama, na shuka tumatir a gonata duka. Allah ya ba da albarka. Amma ka san tumatir, rana ɗaya yake nuna a gonar kowa, direbobin Ikko kuma sun san ba mu da inda za mu ajiye, sai su tsaya a gindin mota suna jiran mu karaya. Tsinkar farko, kwando goma sha biyu suka ruɓe a bakin titi ina kallo. Ban ɓoye maka ba, ranar na yi hawaye. Abincin gidana na damina yana cikin tsinkar da ta rage, kuma ta fara ja.

Don haka ga roƙona. A kira makaniki tun yanzu ya sallami zanzaro, ya sake waya da bel, a tayar da ko da inji ɗaya ne kafin tumatir ya gama nuna. In babban baƙon ya zo ya ji yana ƙugi, ba na jin zai yi fushi.

In kuwa hakan ba zai yiwu ba, to ka ba Malam Tanko izini ya daina korar matanmu daga dandamalin simintin da ke gaban ɗakin. Sun gano duk yankin nan babu inda rana ta fi dukansa, kwana kaɗan yankakken tumatir yake zama kauɗa. Ka bar su su yi shanya, mu ma mu ce mun taɓa cin moriyar ɗakin sanyi.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya raya iyali, ya kawo babban baƙonku lafiya tun injunan suna da sauran numfashi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haladu Mai Tumatir, bakin kanal, ƙasar Kura.